Yadda Ake Bi Ɗaki Ɗaki a Tantance Ingancin Asibitin Likitan Iyali

Takardar rajistar da ke rataye a bangon asibitin kuɗi shaida ce cewa hukuma ta amince a buɗe wurin. A Kano hukumar PHIMA ce ke kula da wannan, a Legas HEFAMAA, kowace jiha da nata tsari. Amma takardar ba za ta gaya wa uwa ko allurar rigakafin da aka yi wa ɗanta tana da sauran ƙarfi ba, ko almakashin da aka cire mata zare da shi ya dahu yadda ya kamata. Wannan ne ya sa muka shigar da asibitinmu tsarin tantancewa na SafeCare. Asibitin ƙarami ne irin na likitan iyali: ɗakin ganin likita, ɗakin allura da wankin ciwo, ɗakin gwaji, ɗakin magani, da 'yan gadaje na ƙarin ruwa. A nan ake duba jariri da uwarsa da kakarsa, nan ne kuma ciwo ke fara biyowa kafin ya kai babban asibiti.

Gidauniyar PharmAccess ta ƙasar Holan ce ta kafa SafeCare a 2011 tare da ƙungiyoyin tantance ingancin asibitoci guda biyu, JCI ta Amurka da COHSASA ta Afirka ta Kudu, domin asibitocin da ke aiki inda wuta da ruwa da kuɗi ba su wadata ba. Matakan darajar da yake ba asibiti biyar ne. Ana zuwa a yi duban farko, a ba ku rahoto da jadawalin gyara, ku yi aiki a kai, sannan a dawo a sake dubawa. Mai dubawa da hanyoyi uku yake aiki: ya karanta takarda, ya tsaya ya ga aiki da idonsa, ya kuma ja ma'aikaci gefe ya tambaye shi shi kaɗai. In kuka ce kuna yin abu, amsarsa ɗaya ce, ku nuna masa. Ma'aikata kan ji haushin yawan rubuce-rubucen da farko, amma a wurin da nas ɗin safe ba ta haɗuwa da ta dare sai a bakin ƙofa, littafi ne kaɗai ke riƙe abin da ya faru jiya.

Takardun ma'aikata aka fara nema: lasin likita na shekara daga majalisar likitoci ta MDCN, na nas da ungozoma daga majalisarsu, na ma'aikacin ɗakin gwaji daga majalisarsu ta MLSCN, na jami'in lafiyar al'umma daga hukumarsu. Kwafi a cikin fayil bai wadatar ba, sai an tabbatar daga hukumar cewa lambar ta mai ita ce kuma tana aiki. Inda aka fi yin sakaci shi ne likitan riƙon ƙwarya da ke zuwa aikin dare ko ƙarshen mako, wanda sau da yawa aboki ne ya kawo shi, kunya ta hana a tambaye shi takarda. Yanzu ba ya zama a kujera sai fayil ɗinsa ya cika.

Daga nan sai teburin yankar kati, kuma a nan muka fi daɗewa fiye da yadda muka zata. A unguwanninmu an saba da katin iyali: maigida ya yanki kati ɗaya, matansa da 'ya'yansa duka su shiga ciki. Akwai sauƙi ga aljihu, kuma likitan iyali yana son ganin gida a dunƙule. Haɗarinsa shi ne bayanin uwargida ya hau kan na amarya, ko a rubuta wa ƙaramin yaro magani bisa nauyin wansa, ga kuma asirin ciwon kowa a hannun duk wanda ya ɗauko katin. Ba mu soke katin iyali ba. Mun bar lambar gida ɗaya, amma kowane mutum da takardarsa daban da lambarsa a ƙarƙashin ta gidan, kamar 214/1 da 214/2, kuma takardar wanda ya zo kaɗai ake fitarwa.

Kafin allura ko ɗibar jini ko miƙa magani, sai an tabbatar da mutum ta hanyoyi biyu. Ba a cewa "Ke ce A'isha?", domin mai zazzaɓi ko dattijuwar da kunnenta ya yi nauyi za ta ce e, kuma ba wuya a samu A'isha uku a kan benci ɗaya. Ana cewa "Hajiya, faɗa min cikakken sunanki," sannan a haɗa da lambar kati. Da yake mutane da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, sunan unguwa ko na mahaifiya kan cike gurbin. Kwalbar jini kuwa a gaban mai ita ake rubuta mata suna, bayan an ɗiba, ba a jera kwalabe a rubuta tun safe. Tambaya ta gaba ita ce, "Akwai maganin da bai karɓe ki ba?" Septrin da Fansidar da dangin fenisilin su ne suka fi fitowa. Ana rubuta amsar da jan biro a bangon fayil, in babu ma sai a rubuta "babu", saboda gurbin da aka bari fayau ba ya nuna ko an yi tambayar. Ana kuma tambayar abin da aka sha daga kemis da na gargajiya kafin zuwa, cikin sakin fuska, don in mutum ya ga alamar faɗa zai ɓoye.

Awon hawan jini ma da ƙa'idarsa. Mutum ya zauna minti 5, bayansa a jingine, hannunsa daidai da ƙirji. Ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan tana ɗaga lamba, har a ɗora mai jiki a kan maganin da ba ya buƙata, don haka dole a samu babba da matsakaiciya da ta yara. Na'ura mai agogo tana kaucewa in ta faɗi ƙasa, ana gwada ta da wata amintacciya duk wata 6. Sikelin yara kuma a mayar da shi sifiri kafin kowane awo, a rubuta nauyin da kilo a kowane zuwa, tunda da shi ake lissafin magani.

Wankin hannu bai ɗauke mu lokaci ba, sai dai ya sa mun fitar da abu biyu daga ɗakuna: kwanon ruwan da kowa ke tsoma hannu a ciki, da tawul ɗaya da ke rataye tun safe. Inda babu famfo, bokiti mai famfo da mazubi a ƙasa ya isa. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, da man goge hannu mai sinadarin alkohol daƙiƙa 20 zuwa 30. Wanda na kanti ya yi wa tsada zai iya haɗa na Hukumar Lafiya ta Duniya: a lita 10, itanol mai kashi 96 mililita 8,333, haidurojin faroksaid mai kashi 3 mililita 417, gilisarin mai kashi 98 mililita 145, a cike da tataccen ruwa, a ajiye awa 72 kafin amfani. Safar hannu ba ta maye gurbin wanki, kuma safar da aka taɓa mutum biyu da ita ta zama abin ɗaukar cuta.

Ɗakin dafa kayan aiki shi ne inda ido ya fi yaudara, domin ƙarfe mai ƙyalli ba ya nuna ko ya tsarkaka. Yawancinmu mun taso da jiƙa kaya a ruwan bilic mai kashi 0.5 na minti 10 kafin wanki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar hakan, saboda jini yana kashe ƙarfin bilic, bilic kuma yana cin ƙarfe ya bar ramukan da datti ke maƙalewa. Abin da ake so shi ne wanki nan take da ruwa da sabulun wanki, da buroshi a shiga haƙoran hantsaki da gaɓar almakashi, mai wankin yana sanye da safa mai kauri da rigar roba ta kare gaba da abin kare ido. A ɗauraye, a busar, sannan a naɗe. Busasshen jini da ya rage a gaɓa yana hana tururi kaiwa ga ƙarfen. Bilic yana nan da amfaninsa a kan jinin da ya zube a ƙasa: in mai kashi 3.5 ne irin na kanti, awo ɗaya a awo 6 na ruwa, kuma kullum ake haɗa sabo.

Tukunyar otokilef irin tamu, wato ta dafa kayan aiki da tururi, mai murfi da agogon matsi, tana buƙatar zafi 121 a ma'aunin Selshiyos da matsi 15 a agogo, minti 30 ga kayan da aka naɗe, minti 20 ga na buɗe. Kuskure uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne fara lissafi daga lokacin da aka kunna wuta, kamar mai dafa wake da ya fara ƙirga tun ruwa bai tafasa ba. Lissafi yana farawa ne sa'ad da agogo ya kai 15. Na biyu, rufe mafitar tururi da wuri. Dole a bar ta a buɗe har tururi ya riƙa fita ba yankewa na 'yan mintuna, don ya kori iskar ciki. In iska ta rage, agogo zai nuna matsi 15 alhali zafin bai kai 121 ba, kuma wannan ba a gane shi daga waje. Na uku, cusa kaya har tururi ya rasa hanyar zagayawa, da sa almakashi a rufe. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa, matsi ya sauka, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya, daga farko ake sakewa. Bayan an kashe, a bar agogo ya sauka sifiri da kansa, a ɗan ɗaga murfi kaya su bushe. Ƙunshin da ya fito a jiƙe bai tsarkaka ba, domin danshi yana jawo ƙwayoyin cuta ta cikin ƙyallen.

Tef mai layi-layi da ke baƙi a jikin ƙunshi yana nuna zafi ya taɓa wajen ne kawai. Shi ya sa ake sa tsinken shaida a tsakiyar ƙunshin, nas ta duba shi lokacin buɗewa. Kowace dahuwa tana da layinta a littafi: kwanan wata, abin da aka sa, lokacin da matsi ya kai, lokacin da aka kashe, da sunan mai aikin. A kan ƙunshin ƙyalle muna rubuta ranar dahuwa, in ya yi mako ba a buɗe ba a mayar da shi tukunya. Dogon hantsakin nan da ake tsomawa a gwangwanin ruwan magani ana ɗauko kaya da shi, an cire shi gaba ɗaya, kowane wankin ciwo da ƙunshinsa.

Firjin rigakafi yana son zafi tsakanin 2 da 8, a karanta a rubuta safe da yamma, har da Asabar da Lahadi da ranakun Sallah. Mai dubawa ya san takardar da aka cike a zama ɗaya: biro ɗaya, hannu ɗaya, lamba 5 daga farkon wata har ƙarshe. Na'urar da ke ajiye bayanin kwana 30 da kanta tana kashe wannan gardama, ta kuma nuna abin da ya faru cikin dare. A gari irin namu da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, kowa tsoron zafi yake yi, alhali daskarewa ma ɓarna take yi a ɓoye. Ma'aikaci ya murɗa firji zuwa ƙarshe don ya tara sanyi kafin a ɗauke wuta, sai allurar Penta da ta ciwon hanta da ta tetanos su daskare, su narke kafin safe, kwalbar ta koma kamar ba abin da ya same ta, ƙarfinta kuwa ya tafi. Irin waɗannan ba a jingina su da bangon baya ko kusa da gidan ƙanƙara. Ba a ajiye komai a jikin ƙofa. A ƙasa ana jera robobin ruwa don su riƙe sanyi in wuta ta tafi. Ruwan sha da abincin ma'aikata da kwalaben jini ba su da wuri a ciki.

In ana zargin kwalba ta daskare, akwai gwajin girgizawa. A ɗauki wata irinta daga kamfani ɗaya da rukuni ɗaya, a daskarar da ita da gangan, a bar ta ta narke, a sa mata alama. A riƙe su tare a girgiza daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a wuri mai haske. In wadda ake zargi ta fi jinkirin kwantar da gari a ƙasa, lafiyarta ƙalau. In tare suka kwanta, ko ita ta riga, a jefar. Ga zafi kuma akwai tambarin da ke jikin kwalba, murabba'i a cikin da'ira: muddin murabba'in ya fi da'irar haske ana amfani da ita, da zarar launinsu ya zo ɗaya shi ke nan. Allurar ƙyanda da ta BCG (ta tarin fuka) da ta shawara, da an haɗa su da ruwansu, awa 6 ne ko ƙarshen zaman rigakafi, duk wanda ya riga, a zubar ko da saura da yawa. Zubar da ragowa yana da ciwo, amma kwalbar ƙyanda da ta kwana a haɗe tana iya kashe yaro. Ƙanƙarar da ake sa wa akwatin ɗauka ma sai an bar ta a waje har an ji ruwa na motsi a ciki. A jikin firjin an manna takarda: in ɗaukewar wuta ta wuce awa kaza, wa za a kira, ina za a kai kayan. Insulin da oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, su ma wannan sanyi suke so.

A kan tiren gaggawa mai dubawa ba ya tsayawa ga kallo. Zai ce wa nas, "Sista, an yi wa mutum allura yanzu, fuskarsa ta kumbura, numfashi na sarƙewa, me za ki ɗauko?" Hannun ma'aikata da yawa kan tafi ga haidurokotison ne, saboda haka aka saba gani. Maganin farko adirenalin ne, mai miligiram 1 a mililita, a tsokar gefen cinya: rabin mililita ga babba, 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, 0.15 ga ɗan wata 6 zuwa shekara 6, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. Haidurokotison yana ɗaukar awanni kafin ya yi aiki, maƙogwaro kuwa cikin mintuna yake rufewa. Waɗannan lambobi a bango suke da manyan baƙaƙe, domin ba lokacin lissafi ba ne. Kwalbar adirenalin da ta sauya launi ta lalace. Kuma wanda aka yi wa allurar rigakafi ko ta kashe ƙwayoyin cuta ba ya tafiya nan take, sai ya zauna aƙalla minti 15.

Sauran kayan tiren sun bi irin ciwon da ke shigo mana. Atesunet na allura don maleriya mai tsanani, miligiram 2.4 a kowane kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a yi ta farko kafin a tura shi. Ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo ga yaron da sukarinsa ya faɗi. In mai kashi 50 ne a hannu, awo ɗaya a awo 4 na ruwan allura. Dayazifam don jijjigar yara. Magniziyam salfet don mai cikin da ta zo da jijjiga, giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, da kalsiyam gulukonet a kusa don karya shi in ya yi yawa. Balan-balan ɗin hura numfashi na babba da na yaro da na jariri, kowanne da abin rufe fuska daidai da shi. Tukunyar iskar oksijin kuwa sai an buɗe an ji fitarta, don cikakkiyar tukunya ba ta da amfani in sifanar buɗe ta na aljihun wanda ya tafi sallah. Yanzu sifanar a ɗaure take da igiya a wuyan tukunyar. Mutum ɗaya ne ke duba tiren kowane mako da jerin kaya, ya rubuta ranar ƙarewar kowane magani, ya ɗaure da tef. In an ga tef a yanke, an san an taɓa, sai a cike a ranar.

Tura mara lafiya babban asibiti ma aiki ne mai tsari: takarda mai ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka ba da da lokacinsa, a kira asibitin ta waya tun kafin a isa, kanular ƙarin ruwa a jijiyar hannu, da lambar direban da aka yi yarjejeniya da shi tun kafin ranar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma mai karɓar kuɗi da maigadi su ne suka fi buƙatar sanin haka, tunda su ake fara tararwa da dare.

A ɗakin gwaji, tsinken gwajin maleriya yana da lokacin karantawa da kamfaninsa ya rubuta, yawanci minti 15 zuwa 20. Wanda aka karanta da wuri yana iya ɓoye cuta, wanda aka bari ya daɗe yana iya fito da layin ƙarya, don haka agogo mai ƙararrawa ya zama kayan aiki. Ba a musanya ruwan ɗigawa na wani kamfani da na wani, kuma in layin shaida bai fito ba gwajin ya ɓaci. A ganinmu babbar matsalar inganci a ƙananan asibitoci ita ce "maleriya da taifot" da ake liƙa wa kowane zazzaɓi bisa gwajin Widal guda ɗaya, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Sakamakon haka shi ne a ɗura wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ba dalili, ainihin ciwon kuma yana can yana ci. Mun ɗebo fayiloli 30 na masu zazzaɓi muka bi ɗaya bayan ɗaya: an yi gwaji kafin magani? maganin ya dace da sakamakon? Irin wannan bita ana maimaita ta bayan an yi gyara, a gani ko an samu canji.

Sakamakon da ya fito bayan mai shi ya tafi gida shi ne ya fi ɓata. Akwai littafi mai gurabe huɗu: an ɗiba, ya dawo, likita ya gani, an sanar da mai shi. Duk yamma ana bin guraben da suke fayau. Sakamako mai haɗari, kamar yaron da jininsa ya sauka ƙasa da 15 a awon yawan jini na PCV, ba ya jiran layi, ma'aikacin gwaji da ƙafarsa yake kai wa likita. Lambar wayar da ke kan kati sau da yawa ta maigida ce ko ta ɗan'uwa, saboda haka ba a faɗin sakamako ta waya, ana cewa ne likita yana son ganin wance.

Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, nan take ake jefa ta cikin kwalin allura da ke inda hannu zai kai, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. Mai shara yana cikin waɗanda allura ke yawan soka, shi ne kuma ake mantawa wajen horo da rigakafi. Mai dubawa ya tsayar da namu ya ce, "Baba, in allura ta soke ka me za ka yi?" Amsar da ake so ita ce a wanke da sabulu a ruwa mai gudu, ba matsewa ba tsotsa, a faɗa wa likita nan take, a yi gwaji, in ya kama a fara maganin kariya daga HIV cikin awanni, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28. Ciwon hanta na B ya fi HIV saurin kamawa ta wannan hanya nesa ba kusa ba, ga shi yana da rigakafi: allura uku, ta farko, bayan wata ɗaya, bayan wata 6. Kowa ya karɓa har maigadi da mai wanki. Shara mai jini a leda rawaya, ta yau da kullum a baƙa, kuma wurin ajiyarta da makulli, saboda yara 'yan bola jari suna tonon juji da hannu.

Ɗakin magani yana da nasa ma'aunin zafi, tunda yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da 30 ko 25. Ana sayen kaya daga dillali mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a ajiye rasiɗi mai lambar rukuni don ranar da za a janye wani magani daga kasuwa. Mai kusa da ƙarewa shi ke gaba a kanta. A jikin ledar ƙwaya a rubuta sunan magani da na mai shi, kuma a sa shi ya maimaita yadda zai sha da bakinsa.

A bakin ƙofa ake tace masu zazzaɓi da tari. Mutanen Kano ba su manta da farkon 2020 ba, lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci, ga kuma mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, musamman da rani, ko yaro mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ana keɓe shi a wani ɗaki, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Lambarsa da ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa NCDC, 6232, suna manne a ɗakin likita. Kusa da su akwai Kundin Haƙƙin Majiyyata na 2018 da aka juya zuwa Hausa. A aikace abin da yake nufi shi ne labule da ƙofa mai rufuwa, nas mace a ɗaki duk lokacin da likita namiji zai duba jikin mace, da neman yardar matar ita kanta ko da mijinta ya amince.

Littafin da ya fi wuyar tsayawa da ƙafarsa shi ne na rubuta kuskure da abin da ya kusa zama kuskure. A watannin farko ba kowa ke rubutu ba, don kowa na ganin tarko ne na kora. Sai da babban likita ya riƙa rubuta nasa, aka kuma ga taron wata-wata yana tambayar yadda abin ya faru, ba wanda ya yi ba, sannan shafuka suka fara cika. Daga nan aka gano kwalabe biyu masu kama da juna da ke zaune kusa a kanta, aka raba su, aka sa wa ɗaya jan tef. Littafin da ya shekara babu rubutu ba ya burge mai dubawa.

Rahoton duban farko ya zo da jerin gyara, muka fara da abin da zai iya kashe mutum, fenti da allon suna suka koma ƙarshe. Kuɗi sun tafi ne a firji mai sola da gyaran tukunyar dahuwa da rigakafin ma'aikata. Sauran kuwa rabon aiki ne: kowane littafi da sunan mai shi, da sunan wanda zai riƙe in ba ya nan. Kafin duba na biyu, abin da ya fi komawa baya shi ne duk aikin da mai shi ya bar asibitin, domin ƙananan asibitoci ba sa riƙe nas da daɗewa. Saboda haka sabon ma'aikaci ba ya karɓar aikin dare shi kaɗai sai ya dafa kaya sau ɗaya, ya karanta firji, ya buɗe tukunyar oksijin, ya faɗi awon adirenalin a gaban babbar nas, ta sa hannu a fayil ɗinsa.